Fim marar magana a kan mai tsara kiɗa: tambayoyi da amsoshi

Wane fim ake nufi?

La Dixième Symphonie, wato Simfoni ta Goma, wanda Abel Gance ya shirya a Faransa, ya fito a 1918. Simfoni dogon kiɗa ne da taron makaɗa ke yi tare. Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, simfoni tara ya kammala kafin rasuwarsa a 1827, don haka sunan kansa ƙalubale ne: wa zai iya ta goma?

Me labarin ya ƙunsa?

Enric Damor mai tsara kiɗa ne, Séverin-Mars ya fito a matsayinsa. Ya auri Eve, wadda Emmy Lynn ta fito a matsayinta, bai san wani mugu mai suna Fred yana riƙe da wani sirrinta yana yi mata barazana da shi ba. Kwatsam sai ga Fred yana neman auren 'yar Damor. Eve ta tsaya kai da fata sai ta hana, shi kuwa mijin ya ɗauka kishi ne, son Fred take yi. Baƙin cikin nan ne ya zauna ya juye shi ya zama kiɗa.

To, yaya ake nuna kiɗa alhali babu sauti?

Nan ne fim ɗin ya fi burge ni. Damor ya zauna gaban fiyano a gaban baƙi, sai Gance ya ɗauke kyamara daga yatsun Damor ya koma kan fuskokin masu sauraro, ɗaya bayan ɗaya: wannan ya sunkuyar da kai, waccan idonta ya ciko. Ya kuma sako hoton wata mai rawa cikin fili, kamar abin da kiɗan ke zanawa a zukatansu. Kafin ka ankara ka fara jin abin da kunnenka bai ji ba. Fuskar Eve ta fi kowacce nauyi, domin ita kaɗai ta san abin da ya haifi kiɗan.

Ke nan shiru 'yan kallo suke zaune?

A'a. A wancan zamani makaɗa suna zama a ƙarƙashin allon sinima suna bin hoton, wani wuri mai fiyano ɗaya, wani wuri taro guda. Wannan fim ma kiɗansa na musamman aka tsara masa, aikin Michel-Maurice Lévy, abin da ba kasafai ake yi ba lokacin. Maganar 'yan wasa kuwa a rubuce take fitowa tsakanin hotuna.

Yaushe aka daina irin wannan?

Daga 1927 finafinai masu magana suka fara karɓe kasuwa daga Amurka. A shekarar ce kuma Gance ya fitar da Napoléon, shi ma marar magana.