Waiwaye: Daga ina aka faro dasa wa mutum ƙodar alade?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san wankin ƙoda ba warkewa ba ne. Sau uku a mako, awa kusan huɗu a jikin inji, ƙarfi kuma kullum raguwa yake yi. Dashe ne ke raba mutum da wannan wahala, sai dai ƙodar da za a dasa ita ce ba ta wadata ba. A Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ne ke layin jiran dashe, akasarinsu ƙoda suke nema, wasu kuma a layin ajali ke riskar su. Wannan ƙarancin ne ya sa likitoci suka daɗe da sa ido a kan dabbobi.

Tun a 1906 Mathieu Jaboulay, wani likita a birnin Lyon na Faransa, ya haɗa ƙodar alade da jijiyoyin hannun wata mara lafiya, amma abin bai je ko'ina ba. Daga baya hankali ya koma kan birai. A farkon shekarun 1960 Keith Reemtsma ya dasa wa marasa lafiya ƙodar cimpanzi a New Orleans, ɗaya daga cikinsu ta rayu wata tara. A 1984 aka sa wa jaririyar da duniya ta sani da Baby Fae zuciyar birin bika a Kalifoniya, ta yi kusan mako uku ta rasu. Birai dai ba su da yawa, ba sa saurin haihuwa, cututtukansu kuma suna saurin kama mutum. Alade kuwa yana haihuwa da yawa, yana girma da wuri, ƙodarsa da zuciyarsa sun yi kusan daidai da namu a girma.

Matsalar tana jikin tsokar aladen kanta. Akwai wani nau'in sukari, alpha-gal, a fatar ƙwayoyin jikinsa, wanda garkuwar jikin mutum ke ɗauka a matsayin abokin gaba. Likita zai ɗinke jijiya ya saki jini, ƙoda ta yi jajir, kafin a jima jini ya daskare a cikinta ta koma baƙa a gaban idonsa. Ana cikin wannan sai a 1997 aka gano wasu ƙwayoyin cuta da ke kwance cikin ƙwayoyin gadon alade suna iya shiga ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin gwaji. Jikin masu bincike da yawa ya yi sanyi.

Gyaran ƙwayoyin halitta ne ya farfaɗo da aikin. A farkon shekarun 2000 aka samar da aladun da aka cire musu wannan sukarin. Da fasahar CRISPR ta yanke da gyara ƙwayoyin gado ta zo, sai a 2017 kamfanin eGenesis ya kashe waɗancan ƙwayoyin cutar a jikin aladunsa.

A 2021 likita Robert Montgomery ya haɗa ƙodar aladen da aka cire wa wancan sukarin da jikin wata da ƙwaƙwalwarta ta riga ta mutu a New York, ta yi awa 54 tana fitar da fitsari. Ranar 7 ga Janairun 2022, a Jami'ar Maryland, likitoci Bartley Griffith da Muhammad Mohiuddin suka sa wa David Bennett zuciyar aladen da aka yi wa gyara 10 a ƙwayoyin halittarsa. Ya rayu wata biyu, daga baya aka sami wata ƙwayar cutar alade a zuciyar. Mohiuddin Musulmi ne haifaffen Pakistan, kuma tambayar halasci ta taso nan take. Malamai da dama sun kalli lamarin ta fuskar larura, tunda ma an shafe shekaru ana sa wa mutane bawul ɗin zuciya da aka samo daga alade.

A ƙoda aka fi ganin haske. Richard Slayman ya karɓi tasa a Boston a Maris 2024, mai gyara 69, ya rasu bayan kusan wata biyu, asibitin ya ce babu alamar dashen ne sanadi. Towana Looney ta yi kwana 130 ba wanki kafin jikinta ya ƙi ƙodar. Tim Andrews ya kai kwana 271. A Sin ma an gwada hanta da huhun alade a jikin waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta mutu.

Ni a wurina waɗannan marasa lafiya su ne ƙashin bayan tarihin nan. Mutane ne da sauran hanyoyi suka kusa ƙare musu, suka amince a gwada a jikinsu alhali sun san ba lallai su ci moriyar ba. Shi ya sa nake jin zafi idan na ga ana yayata labarin kamar an gama. Looney da Andrews duk sun koma kan injin wanki bayan an cire musu ƙodar. Sai a 2025 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince wa kamfanonin United Therapeutics da eGenesis su fara gwaji na tsari a kan rukunin marasa lafiya, inda za a bi kowa a ga ko ƙodar za ta daɗe tana aiki.