Gidan fakewar mata ba gidan kashe aure ba ne

Har yau a Damagaram ana cewa wurin da ake saukar da matan da aka yi wa duka aikin Turawa ne, don su raba aure. Ba haka ba ne. Mun san yaji: mace ta koma gidan iyaye, manya su sasanta. To, wadda iyayenta ke can ƙauyen Tanut, ko suka rasu fa? Ga ta da dare, ido a kumbure, goyo a baya, ba kuɗin kabu-kabu. Irinta ce ke buƙatar wurin kwana, likita ya duba ta, ƴan sanda su ji ƙararta. Zaman aure ko rabuwa, wannan shawararta ce da danginta.

Maganar kuɗin waje kuwa akwai gaskiya a ciki. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, mai yaƙi da cin zarafin mata, ya tallafa wa Zinder (wato Damagaram), Maradi, Tahoua da Tillaberi. Amma kuɗin tallafi wa'adi gare shi. Shi ya sa nake ganin dole gwamnati ta sa abinci da albashin ma'aikatan a kasafinta, ta kuma riƙa tura masu duba yadda ake riƙon matan da sirrinsu.