"Antioksidan" ba sabulun wanke jini ba ne

Daga masu tallan magani a rediyo har lasifikar motocin tashar Kawo, yanzu kowane garin ganye "cike yake da antioksidan", wai yana wanke jini. Kalmar ba ruwanta da wanki.

Yanka gauta ka ajiye, za ta yi duhu. Man gyaɗa in ya daɗe, warinsa ya sauya. Aikin iskar oksijin ke nan. A jiki ma, yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci, wasu sinadarai marasa natsuwa kan ɓalle su fizgi ilektaron, wato ɗan mitsitsin ɓarɓashi mai cajin lantarki, daga kitsen bangon ƙwaya ko daga DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. Duk abin da ya miƙa musu ilektaron suka lafa, shi ne antioksidan. Sunan aiki ne, kuma jiki yana ƙera nasa, irin su gulutatayon da katalas.

Filabonoid rukuni ne na sinadaran tsirrai masu aikin antioksidan, iri sama da 6,000. Sunan daga Latin ya fito, "flavus", wato rawaya, amma jan zoɓo ma ɗan gidan ne, sunansa antosayanin. Wannan launi da tsami yake shiri. Matsa lemun tsami, jan ya ƙara fitowa. Jefa kanwa don kashe tsami, kamar yadda wasu masu sayarwa ke yi, sai ya dushe ya yi duhu, sinadarin ya kama lalacewa. Doguwar tafasa ma tana cinye shi, gara a jiƙa a ruwan zafi kamar minti 15 a tace. Ita kuwa albasa, filabonoid ɗinta mai suna kuwasetin ya fi yawa a ɓawon waje-waje, wanda ake saurin zubarwa.

Inda 'yan talla ke yin shiru: ƙarfin da sinadari ya nuna a kwalbar gwaji daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Antosayanin kaɗan ne ke isa jini a yadda yake, hanta da ƙwayoyin bakteriya na cikin hanji sun sauya sauran. A 2012 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan a abinci, don ana ta talla da shi alhali bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba.

Yawa ma ba lafiya ba ne. A Finlan an gwada ƙwayar beta-karotin, wani antioksidan da ba filabonoid ba, kan maza masu shan taba kusan 29,000. Sakamakon 1994 ya nuna kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha ƙwayar.