Kansar Hanta a Jarirai: Yaya Ake Gano Ta?

Jariri ma yana kamuwa da kansar hanta?

Yana kamuwa, amma da ƙyar ake samu, ba ta wuce yaro ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara. Wadda aka fi gani ita ce hefatobilastoma, kuma galibi kafin shekara 3 take bayyana. Bakwaini da aka haifa da ƙarancin nauyi sosai sun fi shiga haɗarinta.

Me uwa za ta fara lura da shi?

Sau da yawa a wajen wanka ne. Tana cuɗa masa ciki sai hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri ƙarƙashin haƙarƙarin dama, shi kuwa yaron ko kuka bai yi ba. Wannan rashin zafin ne ke ba ni tsoro, don shi ke sa a ce a bari a gani. Ciki na girma, jiki na ramewa, nono ya fita ransa. Cutar shawara kuwa ba kasafai take zuwa ba, kada a jira sai ido ya yi ɗorawa.

Gwajin jini bai isa ba?

Bai isa ba. Akwai sinadarin AFP da ke hauhawa a jinin kusan tara cikin goma na masu hefatobilastoma. To amma kowane jariri lafiyayye da AFP mai yawan gaske ake haihuwarsa, sai ya riƙa sauka a hankali cikin shekarar farko. Adadin da zai tayar da hankali a ɗan shekara 2 ba komai ba ne a ɗan mako 2. Shi ya sa likita ke auna sakamakon da watannin yaron, ya sake gwajin ya ga sauka yake ko hawa. Ƙarancinsa ma ba albishir ba ne: ƙari a hanta tare da AFP ƙasa da 100 na sa a zargi kansar rabdoyid, wadda ta fi wuyar magani.

Wane hoto ake ɗauka?

Sikanin na ciki tukuna, sannan MRI ko CT, masu nuna cikin jiki dalla-dalla. Ana haɗawa da hoton ƙirji, domin zuwa huhu kansar ta fi bazuwa. Tsarin da likitoci ke kira PRETEXT ya kasa hanta gida huɗu, da shi ake ƙirga sassan da ƙarin ya ci, a san ko zai yanku ko sai an yi dashen hanta.

Dole ne a ɗebi tsoka daga ƙarin a duba?

Galibi haka ne, duba tsokar ke tabbatar da irin kansar. Sai dai in hoto ya nuna curin jijiyoyin jini ne, wanda ba kansa ba, ana guje wa allurar ɗiban tsokar saboda zubar jini.