Ma'anar lambar firam da yadda ake gane ta

Ɗalibin sakandare a Bauchi yakan fara jin kalmar firam a bakin malamin lissafi, amma 'yan kasuwa sun daɗe suna karo da abin da take nufi. Lambar firam ita ce lambar da ta haura 1, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Idan aka ba dillalin hatsi a kasuwar Muda Lawal buhun masara 97 ya raba wa mutane daidai wa daida, ko su biyu ne, ko uku, ko bakwai, sai an sami ragowa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 97 kowa ya ɗauki buhu guda. Da buhunan 91 ne da ya huta, domin mutum 7 za su tashi da 13 kowannensu.

Wasu kan ɗauka duk lambar da take mara firam ce, alhali 91 ɗin nan mara ce kuma ga shi ta rabu. Abin da ya tabbata shi ne duk firam mara ce, in ban da 2, wadda ita kaɗai ce cika a cikinsu.

A manyan lambobi ne aikin yake yin nauyi, domin ido ba ya taimakon komai. Miliyan ɗaya cif ba ta da wani sirri, 2 ce sau shida da 5 sau shida aka ninka da juna. Maƙwabciyarta 1,000,001 tana da kamar ba za ta rabu ba, amma 101 sau 9,901 ce, ita kuwa 1,000,003 firam ce. Kafin a tabbatar da haka ba sai an gwada raba ta da lambobi miliyan ba. Ya isa a gwada firam ɗin da ke ƙasa da 1,000, su 168, saboda 1,000 sau 1,000 miliyan ce, don haka da a ce lambobi biyu aka ninka aka sami 1,000,003, dole ɗaya daga cikinsu ba za ta wuce 1,000 ba. A ganina wannan dabara ta fi cancantar a koya wa yara fiye da haddar jerin lambobi.

Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masanin Girka Yuklid ya nuna cewa firam ba su da iyaka. A watan Oktoban 2024 aka gano wata firam mai alƙaluma 41,024,320, wato 2 da aka ninka da kanta sau 136,279,841 sannan aka cire 1. Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda aka fitar a 1977 kuma ake amfani da shi a intanet da harkar banki, ya dogara ne da cewa ninka manyan firam biyu abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma warware sakamakon a gano su wane ne aka ninka yana iya cin shekaru masu yawan gaske.