Idan wanda ya kafa kamfani ya rage hannun jarinsa, me ke samun farashi?

Me ya sa ake sa ido a kan kason mai kamfani, musamman a ƙananan kamfanoni?

Saboda shi ya fi kowa sanin abin da ke cikin tukunya. Manyan kamfanoni, masu sharhin kasuwa sun yi musu caa, labarinsu ba ya ɓoyuwa. Ƙarami kuwa, sai a daɗe ba wanda ya leƙa lissafinsa. Ga shi hannun jarin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne, don haka idan mai kamfani ya zuba kaso mai yawa lokaci guda, masu saye ba za su iya kwashewa ba, sai farashi ya zube ko da kamfanin lafiyarsa ƙalau.

Ke nan sayarwa alamar matsala ce?

Ba kullum ba, kuma a nan mutane suka fi yin gaggawa. Mutumin da duk dukiyarsa ke ɗaure a kamfani ɗaya yana iya sayarwa don biyan haraji ko bashi, ko don ya raba ƙafa. Wani lokaci ma bai sayar da komai ba: kamfanin ne ya fitar da sababbin hannayen jari don neman kuɗi, kasonsa ya ragu a lissafi. Bayan kamfani ya shiga kasuwar hannun jari, a kan hana masu shi sayarwa na wani lokaci, galibi kwana 180, kuma farashi kan yi rauni daidai lokacin da wa'adin ya cika.

Saye ne ya fi ɗauke da labari. Binciken masana Lakonishok da Lee na 2001 a kasuwar Amurka ya nuna sayen 'yan cikin gida, wato shugabannin kamfani da manyan masu jarinsa, ya fi sayarwarsu hasko ribar gaba, kuma abin ya fi ƙarfi a ƙananan kamfanoni. Amma a tabbata da kuɗin aljihunsa ya saya, ba kyautar hannun jari aka ba shi a madadin albashi ba.

Idan kasonsa na da yawa, masu ƙaramin jari sun huta?

Ba lallai ba. Masana Morck, Shleifer da Vishny sun gano a 1988, a kan manyan kamfanonin Amurka, cewa darajar kamfani na hawa yayin da kason shugabanni ke tashi zuwa kashi 5 cikin 100, sannan ta sauka tsakanin 5 da 25. Wanda ba za a iya tsige shi ba yakan daina sauraron kowa.

A ina ake ganin waɗannan sauye-sauye?

A Amurka, dole shugabanni da duk mai fiye da kashi 10 su sanar da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, cikin kwanakin aiki 2 idan sun saya ko sun sayar. A duba kuma ko mai kamfanin ya jinginar da hannun jarinsa ya ci bashi. Idan farashi ya faɗi, banki zai iya sayar da su ba tare da jiran yardarsa ba, faɗuwar ta ƙara tsanani.