Kyaftin Hubert Dilger: tambayoyin da kuke ta maimaita min

Ba'amurke ne?

A'a. Bajamushe ne ɗan yankin Baden, an haife shi a 1836. Na faɗa na sake faɗa.

To me ya kai shi yaƙin basasar Amurka?

Tun a gida hafsan atilare ne, da yaƙi ya ɓarke a 1861 ya ƙetara teku ya shiga ɓangaren Arewa, aka ba shi rukunin igwa shida na jihar Ohio. Wandon fata yake sawa, har sojoji suka laƙaba masa sunan "mai wandon fata".

Da gaske da igwa ɗaya ya tare rundunar Stonewall Jackson, janar ɗin ɓangaren Kudu?

To nan kam sai a bi a hankali. Ran 2 ga Mayun 1863 a Chancellorsville ta jihar Virginia, Jackson ya zagayo da sojoji sama da dubu 20 ya afka wa rundunar Janar Howard na ɓangaren Arewa, wadda Dilger da Jamusawa da yawa ke cikinta, ta gefe da yamma liƙis, kowa ya watse. Dilger ya yi ta wuta har aka harbe dokinsa ya danne shi, da ya kuɓuta sai ya tura sauran igwoyin baya ya riƙe ɗaya a kan hanya, ya harba ya ja baya, ya sake tsayawa ya harba, da irin gwangwanin nan mai cike da ƙananan harsasai da ke watsuwa kamar na bindigar mafarauta. Amma a ce shi kaɗai ya tsayar da su, gaskiya ban yarda ba, akwai sojojin ƙasa na Ohio da suka kare shi, ga daji mai duhuwa, ga dare ya kawo jiki, kuma hanyar ƙunci gare ta shi ya sa igwa ɗaya ta yi tasiri. Ya dai rage musu gudu, mutane da dama sun tsira dalilinsa, wannan ba gardama. Sai 1893 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Ai an ce Jamusawan ne suka gudu ranar?

Haba jama'a, ku daina ɗora musu laifin manya. An bar gefensu a buɗe, an kawo rahoton gargaɗi aka ƙi saurara. Dilger ɗin ma ai Bajamushe ne, kuma ya sake gwabzawa a Gettysburg a 1863 da yaƙin Atlanta a 1864.

Shi ne ɗan leƙen asirin Jamus ɗin nan?

Ɗansa Anton ne wannan, lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Uban ya rasu tun 1911 a Front Royal ta Virginia inda yake kiwon dawaki, don Allah ku daina haɗa su.